Gilashin Hoton Baba

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da lissafi, wai ni mai yankan gilashi zai koya wa awo. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ba shi nake jin haushi ba.

Gilashin hoton marigayi Baba ne ya fashe. Baba kafinta ne, da hannunsa ya haɗa firam ɗin, kuma shi kaɗai ya rage mana cikin aikinsa. Inna ta ce ko ƙofar ɗaki ba zai tsallaka ba, sai dai in auna in je a yanko.

Na ɗauko rula. Tsawon bai ba ni wahala ba, faɗin ne ya yi mini gardama. Bakin katakon ya faɗa tsakanin layi biyu: ya wuce santimita ashirin da milimita uku, bai kai huɗu ba. Na sake aunawa, ya yi kamar huɗu. Na rufe ido ɗaya, ya koma uku.

"Yaya, rular ce ke rawa ko kai ne?" in ji ƙanwata.

Na yi banza da ita, na rubuta huɗu.

A shago, mai gilashi ya dubi takardar. "Malam, bari in rage milimita biyu. Idonka zai iya ƙara rabi, hannuna ma haka. Katako kuma ba ya tsayawa cif."

"Yanka abin da na rubuta. Awo sana'ata ce."

Ya yanka, ya miƙo mini.

A gida gefe uku suka zauna, na huɗu ya ƙi. Abin da ya hana shi bai fi kaurin farce ba. Ni ne fa kullum nake jan kunnen ɗalibai kada su rantse a kan rabin milimita! Na hango kaina a bakin shagon, mutumin yana murmushi, sai na sa babban yatsa na danna. Gilashin bai fashe ba. Kusurwar firam ɗin ce ta yi ƙas, ta tsage har ƙasa.

Ƙanwata ta toshe baki. Inna ta sunkuya ta ɗauki ɓallin katakon.

"Tsohon gilashin yana ɗan motsi idan ina gogewa," ta ce. "Na taɓa yi wa babanku ƙorafi, ya ce da gangan ya bar masa ɗan sarari."

Ta ƙulle katakon a bakin mayafinta, ta miƙo mini rulata.