Sifika Biyu daga Kokomlemle

Tun da Osumanu ya dawo daga Legas, shekarar da aka koro 'yan Gana, Zelia ba ta ƙara jin waƙa a bakinsa ba. Da can yayan nata ko alwala yake yi sai ka ji yana rera wani abu ta hanci, har uwarsu, Mma Amama, ta jefe shi da silifa. Yanzu kuwa sai ya zauna a benci a ƙofar ɗaki yana karkaɗa ƙafa, ya miƙe, ya leƙa lungu, ya dawo ya zauna, ya sake miƙewa.

Abu ɗaya ya tsira da shi daga Legas, wata baƙar rikoda mai nauyi, irin wadda ba ta yin sauti sai an haɗa mata sifika. A ka ya ɗauko ta har cikin jirgin ruwa. Sifikunta kuwa a turmutsutsun tashar jirgi suka salwanta. Tun daga nan tana kan kabad, Mma ta lulluɓe ta da tsohon mayafi.

Wata safiya Zelia tana wanke tukwanen waake, shinkafa da waken da suke sayarwa, a ƙarƙashin taga, sai ta ji shi yana faɗa wa wani abokinsa cewa ya samu mai saye. Nashiru, mai kiɗan biki a unguwar Madina, zai karɓi rikodar, shi kuma ya yi kuɗin mota ya kama hanyar Libiya.

Soson ya faɗi daga hannunta. Samarin lungunsu da suka bi wannan hanyar, har yau iyayensu tambayar matafiya suke yi.

Zelia ba mai magana ba ce. Ko a wurin sayar da waake, Mma ce ke ciniki da raha, ita zubawa kawai take, kanta a ƙasa. Ina za ta iya tare yayanta ta ce kada ka tafi? Ta yi shara, ta sake share inda ta share. Ta ɗebo ruwa alhali randa a cike. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, mutum ba ya saurin rabuwa da abin da ke yi masa waƙa a ɗaki. Rikodar nan shirunta ne ya sa ta zama kaya.

A makon ta kwashi adashinta. Ta ƙulle shi a bakin zane, ta zaro kaset ɗaya daga ƙarƙashin matashin Osumanu, ta ce wa Mma za ta sayo ganyen waake. Ta ɗauki babban kwano ta kama hanyar unguwar Kokomlemle a ƙafa.

Shagon wani mai gyaran rediyo ta nufa, Abdulai, wanda ke sayar da tsofaffin kaya. A shekarar ruwan dam ya ja baya, wutar lantarki rana-rana ake raba wa unguwanni, don haka da batirin mota yake aiki. Wasu maza na buga dara a ƙofar. Zelia ta wuce, ta dawo, ta sake wucewa.

"Sista!" in ji Abdulai. "Ƙafarki za ta cinye mini ƙofar shago. Ko ki shigo ko ki bar mini ƙasata."

Ta shiga. "Sifika nake so."

"Ta biki ko ta suna?"

"Ta ɗaki."

"Ɗakin amarya?" Masu dara suka kwashe da dariya. "To ango ya yi sa'a. Zo ki gani."

Ya jawo wasu manya guda biyu, jajaye, an manna musu ƙananan madubai. Ya karɓi kaset ɗinta ya saka, ya murɗa maɓalli har ƙarshe. Kiɗan goge ya fashe a shagon, gwangwanayen kusoshi suka hau rawa a kan kanta.

"Wannan in kin kunna a Maamobi, a Nima za a tashi rawa!" ya faɗa da ihu.

Bakinta ya motsa. Bai ji ba. Ya kawo kunne.

"A rage," in ji ta.

Ya rage kaɗan.

"A ƙara ragewa."

"Haba sista, ba haka ake gwada sifika ba. Duk wanda ya shigo nan ƙarfi yake tambaya. Wa ke sayen doki ya ce a gwada masa tafiyar akuya?"

Ta ji kamar ta ɗauki kwanonta ta gudu. Amma ta tuna bangon ɗakinsu. Ta dubi ƙasa ta ce, "Bangonmu na filawud ne. Bayansa Alhaji Jibirilu ne, mai gidan. Ko juyi ya yi a gado muna ji. Bara ya watso kayan wani ɗan haya tsakar gida saboda rediyo."

"Wannan Alhajin na san shi," in ji ɗaya daga masu dara. "Ko zakara ya yi cara sai ya nemi iyayensa."

Abdulai ya yi tsaki yana dariya, ya murɗa maɓallin ƙasa sosai. Jajayen sifikun suka koma huci da wani dum-dum, mawaƙin kamar daga cikin rijiya. Zelia ta girgiza kai. Ya haɗa wasu masu ragar ƙarfe, su kuma sai zuzu kamar ƙudan zuma. Ya haɗa wasu, ɗaya na magana ɗaya na tari. Ita dai tana tsaye tana sauya ƙafa, tana leƙen rana ta ƙofa.

"Waɗancan fa?" Ta nuna wasu ƙanana masu akwatin katako a lungu. A kan ɗaya butar shayinsa take, ɗayar kuma kyandir ya ƙona mata gefe.

"Waɗannan? Teburina ne."

Ya sauke butar, ya hure ƙura, ya duba takardar da ke cikinsu ko kyankyaso ya ci. Ya taɓa musu batirin tocila, kowace ta ce ƙwas. Sannan ya haɗa, bai taɓa maɓallin ba.

Gogen ya fito siriri, amma a cike. Ana jin ƙwaryar da ke bin sa, ana jin inda mawaƙin ke jan numfashi. Zelia ta matso da kunnenta, ta ja baya har bakin ƙofa. A wajen ƙofar ba a jin komai sai ƙarar 'ya'yan dara.

"Su nake so."

Ta kwance bakin zanenta ta ajiye duk abin da ke ciki. Abdulai ya duba, ya kama kai, ya kira sunan Allah, ya ce an zo a kashe shi da rana tsaka. Daga ƙarshe ya ce ta ɗauka, amma ta sani waake da ƙwai yake jira. Ta jera su a kwano, ta rufe da zane, ta aza a ka.

Da ta shiga ɗaki, kan kabad ba komai. Mayafin na ninke a gado.

"Yanzu ya fita da ita," in ji Mma daga bakin murhu. "Ke, ina ganyen?"

Zelia ta juya da sauri. Ta tsallake kwata, ta ratsa lungu, hannu ɗaya riƙe da kwanon, har tashar motar Madina. Ƙarancin mai ya sa layin trotro, motar haya, ya yi tsawo har gaban masu gasa ayaba. Can tsakiya ta hango shi, rungume da rikodar a cikin buhu.

Ta sauke kwanon a gabansa ta yaye zanen.

Osumanu ya dubi sifikun, ya dube ta. "Wa ya aike ki?"

"Ba kowa."

"Adashinki ne wannan? Zelia, kanki ɗaya? Maza ki mayar."

Ba ta motsa ba. Ya ajiye buhun tsakanin ƙafafunsa, ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa katakon da ɗan yatsa.

"Nawa da suka ɓata sun kai ƙuguna," ya ce. "Waɗannan kamar akwatin sabulu. Kuma na yi wa Nashiru alkawari."

"Yaya, ka saurara sau ɗaya." Muryar ta fito da ƙarfin da ita kanta ta tsorata. Mutanen layi suka waiwayo. "In ba ta yi maka daɗi ba, ni zan ɗaukar maka ita a ka har Madina."

"Ka ji ƙanwa," in ji wata tsohuwa mai kwandon kaji a bayansa. "Ni tawa ko gishiri ba ta taɓa saya mini ba."

"Yau babu wuta a unguwarmu," in ji Osumanu.

"Gobe akwai."

Sai ga trotro ta shigo tana hayaƙi, kwandasta rataye a ƙofa yana kiran Madina. Layi ya wargaje. Aka hau ture-ture, kaji na kuka, wani ya shiga ta taga. Osumanu ya sunkuya ya ɗauki buhun. Ya yi gaba kaɗan, ya tsaya, aka bangaje shi hagu da dama. Tsohuwar ta zagaye shi ta haye. Motar ta cika ta tashi ta bar su cikin hayaƙi.

"Gobe kaɗai," ya ce bai dube ta ba. "Ban ce na fasa ba."

Ya tsuguna ya leƙa bayan sifikun, ya ɗaga zanen, ya lalube cikin kwanon.

"Ina wayoyin?"

"Waɗanne wayoyi?"

"Bai ba ki waya ba? Da me za a haɗa, da igiyar shanya?" Dariya ta kubce masa, gajeriya. "Wane ɓarawon ne ya sayar miki?"

"Abdulai, a Kokomlemle."

"Ɗauki mu je kafin ya rufe. Sai ya ba mu mai kyau, ba ta tsohuwar fanka ba."

Ya saɓa buhun a kafaɗa ya tsallaka titi da sauri. Zelia ta aza kwanon a ka ta bi shi, tana ɗan haɗawa da gudu don kada ya bar ta a baya.