Mai Ƙwanƙwasa Bayan Kanta

Ranar da suka fara nuna fim ɗinsu a aji, dariya aka yi ta yi har wata yarinya ta faɗo daga kan benci. Matsalar ita ce ba fim ɗin ban dariya ba ne. Malama cewa ta yi kowane rukuni ya shirya fim na minti biyar wanda zai sa gaban mai kallo ya faɗi, kuma da waya za a ɗauka, a cikin makaranta.

Su uku ne a rukuninsu. Auta ce ta rubuta labarin, ita ce kuma mai ba da umarni. Dogo ne mai riƙe waya, saboda hannunsa ba ya rawa. Na ukun shi ne Rediyo, wanda ya samu sunan don bakinsa ba ya hutawa. Shi ya fito a matsayin fatalwa, ya lulluɓa da zanen gado, ya shafe fuska da garin alli, ya biyo Auta cikin siton laburare yana gurnani. Da ya ɗaga hannu zai kama ta sai ga agogonsa da takalmin makaranta a fili.

Da aka tashi, Malama ta tsayar da su. Ba ta yi faɗa ba.

"Me ya ba su dariya?" ta tambaya.

"Hassada ce kawai, Malama," in ji Rediyo.

"To. Ke fa?"

Auta ta ce ba ta sani ba, kuma abin ya tsaya mata a rai. Malama ta ba su ƙarin mako guda, ta ce su koma su kalli duk abin da suka ɗauka, har wanda suka zubar.

A shagon yayan Auta suke haɗa fim ɗin, don shi ke da kwamfuta. Gyaran waya yake yi, shagon kuma bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Teburinsa cike yake da ƙananan sukurori da fasassun gilasan waya, ƙaurin dalma na tashi. Ya tura musu kwali ɗaya lungu suka ɗora kwamfutar.

Dogo da Rediyo suka gaji suka fita waje. Auta ta sa abin sauraro a kunne tana bin ɗaukar da suka zubar ɗaya bayan ɗaya. A ta bakwai, Dogo ya manta bai kashe waya ba, ya ajiye ta a kan kujera tana kallon kantar tsofaffin littattafai. Babu kowa a hoton. Ana jin Rediyo daga nesa yana gardama a kan zanen gado. Sai ta ji wani abu a ƙarƙashin muryarsa. Ƙwan, ƙwan. Shiru. Ƙwan.

Ta mayar baya ta sake ji. Ta kira yayanta.

"Yaya, zo ka ji wani abu."

Ya cire abin sauraron ya ƙara murya. Wata mata da ke zaune tana jiran wayarta ta miƙo wuya tana kallo. Da bugun na uku ya zo, ta dafe ƙirji.

"Wa ke bugawa?" ta ce.

"Mu ma ba mu sani ba, Hajiya."

"To ku buɗe mana a gani!"

Auta ta kalli matar, ta kalli kwamfutar. Kanta ce kawai da littattafai masu ƙura, ba fatalwa, ba alli, amma ga babbar mace ta manta da wayarta tana son a buɗe mata ƙofar da ba a ma nuna ba.

Auta ta kira sauran. Suka bi duk ɗaukar da suka yi cikin kwana huɗu, suka samu bugun a uku daga ciki. Dogo, wanda ba ya yawan magana, ya duba lokacin da waya ta rubuta a jikin kowace.

"Duk tsakanin huɗu da huɗu da kwata ne," ya ce.

"Bututun ruwa ne," in ji Yaya, ba tare da ya ɗago daga aikinsa ba. "In an kunna injin tanki haka yake yi."

"Ɓera ne," in ji Rediyo.

"Ɓeran da ya iya ƙirga uku?" Auta ta ce.

"To ni dai na gama nawa. Ina da iyaye."

Amma washegari Rediyon ne ya riga kowa zuwa. Mai kula da laburare ya ba su makullin sito kamar kullum, ya ce kada su taɓa masa jaridu. Suka shiga huɗu saura minti biyar, suka zauna a ƙasa. Auta ta sa Rediyo ya yi alkawarin ba zai ce uffan ba. Sai a lokacin suka san ɗakin yana da sauti iri-iri: fanka a ɗakin karatu, tattabaru a kan rufi, wani yana buga ƙwallo can nesa. Dogo ya kunna waya.

Huɗu da minti shida, suka ji ana jan wani abu a ƙasa, shaa, shaa, yana matsowa. Ya tsaya. Ƙwan, ƙwan. Rediyo ya damƙe hannun Dogo. Ƙwan.

Daga bayan kantar yake fitowa. Auta ta zare manyan littattafai guda biyar ta zura hannu, ta ji ashe ba bango ba ne, katako ne. An raba ɗaki ɗaya ne gida biyu. Suka fita da gudu, suka zagaya ta bayan ginin, inda ɗalibai ba su cika bi ba. Akwai wata siririyar baranda da ƙofa a buɗe, a ciki ga bokitai da tsummokara, ga kuma Inna mai shara tana jingine tsintsiyarta mai dogon kota.

Duk makarantar an san ta, amma ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi hira da ita. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Lafiya, 'ya'yan nan? Wa ya biyo ku?"

Suka gaishe ta. Auta ta ce, "Inna, ke ce ke ƙwanƙwasa ƙofa?"

"Ni ce."

"Akwai wani a ciki ne?"

"Wa zai zauna cikin bokitai?"

"To me ya sa kike bugawa?"

Inna ta yi dariya, ta kifa bokiti ta zauna a kai. Ta ce shekarar da ta fara aiki a nan, kafin a haifi ko ɗaya cikinsu, ta turo ƙofar wani aji da ƙarfi tana zaton kowa ya tafi. Ashe wani ɗan aji ɗaya ya ɓuya a baya, wai wasa suke yi da abokinsa. Ƙofa ta same shi a baki, haƙorinsa na gaba ya karye.

"Jini har rigata. Uwarsa ba ta ce min komai ba, wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Tun ranar ban ƙara buɗe ƙofa ban buga ba. Ko a gidana haka nake, har jikokina na kwaikwayona."

"Me ya sa kike dakatawa kafin na ukun?" Dogo ya tambaya.

"Ina saurare ne. Biyun farko na sanarwa ne. In yaro ne a ciki, a wannan shirun zai motsa."

A hanyar gida Auta ta ce za su sake fim ɗin daga farko, kuma babu fatalwa. Rediyo ya tsaya cak a tsakiyar titi.

"To ni me zan yi?"

"Kai ne wanda aka kulle a sito. Kuma ba za ka yi magana ba."

"Minti biyar?"

"Minti biyar."

"Kashe ni kike so ki yi."

Da suka roƙi Inna ta fito a ciki, ta ce ita fuskarta ba ta shiga waya. Auta ta ce ba fuska suke so ba, inuwar ƙafarta ce a ƙarƙashin ƙofa, da jan tsintsiya, da bugun. Ta yarda, da sharaɗin sai ta gama share azuzuwan sama.

Kwana uku suka yi suna ɗauka, kuma kusan kullum sai sun gano wani abu. Dogo ya gano in ya rufe taga da kwali ya bar ƙaramar kafa, haske na sauka a rabin fuskar Rediyo kawai. Ya gano in ya ajiye waya a ƙasa tana kallon sama, ƙofar sai ta yi girma. Auta ta ari wayar mai kula da laburare suna ɗaukar sauti dabam da ita, kusa da katakon, don ta Dogo tana kwaso ƙarar fanka. Ta kuma koyi cewa in ta yanke hoto da wuri tsoron ba ya kama mutum, in ta ja shi da yawa gajiya yake sawa. Sau goma sha ɗaya ta sake wuri guda, har Yaya ya ce zai fara jin bugun nan a mafarki.

Inna ma ta shiga aikin sosai. Tana gama bugu sai ta zagayo ta ce a nuna mata.

"Wannan ya yi sauri. Yaron bai gama jin tsoro ba na buga na ukun. A sake."

Rediyo kuwa, da aka hana shi magana, sai idanunsa suka fara aiki. A ɗauka ta ƙarshe, da hannun ƙofa ya fara juyawa, ya haɗiyi yawu har ana ganin maƙogwaronsa na motsi. Nan Auta ta yanke fim ɗin, ƙofar ba ta buɗe ba.

Ranar nunawa aka rufe tagogin aji, Malama ta kunna majigi. Da fuskar Rediyo ta bayyana an ɗan yi dariya, amma daga bugun farko aji ya yi tsit. Da allo ya yi baƙi, wani daga baya ya yi ihu, "Kai! Wane ne a ƙofar?" Nan gardama ta kaure, wasu na cewa ɓarawo, wasu na cewa shugaban makaranta. Malama ta ce sautin ya yi kyau ƙwarai, amma a minti na biyu inuwar Dogo ta fito a bango, su gyara kafin a kai gaban sauran malamai.

Inna tana tsaye a bakin ƙofa tun farko, riƙe da bokiti. Auta ta je wurinta tana murmushi.

"Inna, ya kika gani?"

"Ya yi, ba laifi." Ta ɗan ɓata fuska. "Amma kun nuna wa duniya ƙurar ƙarƙashin kantar nan. Yanzu sai a ce ba na shara. Ki karɓo min makullin, gobe in share, sai ku sake ɗaukar wurin."