Fuskar da Waya Ta Ƙi

Sannu-Sannu direbobi 'yan'uwansa suke kiransa, domin a shekara goma sha bakwai da ya yi yana riƙe da sitiyari ba wanda ya taɓa ganin ya wuce wata mota a kwana. Shekaru huɗun baya ya yi su ne yana ɗaukar fasinja ta manhajar wani kamfani: mutum ya latsa waya daga gidansa, wayar direba ta yi ƙara, ya je ya ɗauko shi. Kowace safiya kafin a buɗe masa aiki, manhajar takan ce ya kalli kyamara, ya ƙifta ido, ya yi murmushi. Ta gwada fuskar da hoton da ya bayar ranar rajista, ta nuna alamar kore, ya kama hanya.

Wata safiyar Talata ya tashi zai kurkure baki, sai ruwan ya zubo masa a ƙirji ta gefen hagu. Ya sake gwadawa, ya sake zubowa. Matarsa ta fito daga ɗakin yara, ta dube shi sau ɗaya, ta dafe ƙirji. Rabin fuskarsa ya sauko kamar rigar da ta zame daga ƙusa. Gira ta faɗo, ido ya ƙi rufuwa, baki ya karkace.

A asibiti likita ta kwantar musu da hankali. Ta ce ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, jijiyar fuska ce ta kumbura. Wani yakan warke a wata uku, wani shida, wani kuma ba ya komawa daidai har abada.

"Amma hannunka da ƙafarka lafiya lau," ta ce. "Ka riƙa ɗiga magani a idon. Bayan kwana goma za ka iya tuƙi."

Ranar kwana na goma sha ɗaya ya wanke mota tun da sassafe, ya zauna a kujerarsa, ya ɗaga waya. Ta ce ya ƙifta ido. Ido ɗaya ya ƙifta. Ta ce ya yi murmushi. Ya yi iya yinsa, rabin baki ya tafi, rabi ya tsaya. Alama ta fito ja. Ya matsa wurin haske ya sake. Ja. Ya sa yatsa ya tallafe kumatu, ta ce ya cire hannu daga fuskarsa. A karo na biyar sai saƙo ya fito: an dakatar da wannan direba, ana zargin wani ne daban ke amfani da sunansa.

Ya tuƙa motar zuwa wurin wankin mota inda direbobi ke taruwa su jira kira. Wayar ta zagaya hannu-hannu, kowa da abin da ya gani.

"Ni tun farko na faɗa," in ji wani tsohon direba da ake kira Kwamanda. "Ka ba na'ura fuskarka, ka ba ta ranka. Mutum kana iya roƙonsa. Waya fa? Wa za ka durƙusa wa?"

"To da ba a duba fuska, ai ɓarayi ne za su riƙa ɗaukar matanmu da 'ya'yanmu," in ji wani. "Abin ba laifi ba ne, kuskure aka samu. Ka je ofis, minti biyar an gama."

Mai gyaran waya da ke da rumfa a gefe ya yi dariya. "Ofis? Waɗanda ke ofis ma wayar ce ke ba su umarni. Injin da ke duba fuskar ba ya ƙasar nan gaba ɗaya."

Wayar Kwamanda ta yi ƙara, ya tashi. Ɗaya bayan ɗaya suka watse, aka bar Sannu-Sannu a kan benci shi da ruwan kumfa da ke gangarawa kwata.

Ofishin kamfanin ɗaki ne guda a hawa na biyu, kujerun roba a jere, da taga mai gilashi. Ya jira tun hantsi har la'asar. Ma'aikaciyar da ke bayan gilashin ta karɓi lasisinsa da takardar asibiti, ta dube shi, ta dubi allon kwamfutarta.

"Baba, ni na ga kai ne. Ko makaho ya shafa ya san kai ne."

"To alhamdu lillahi, 'yata. Ki buɗe mini."

"Ba ni da wurin latsawa. Ka ga," ta juyo masa da allon, "wurin a toshe yake. Sai dai ka tura ƙorafi ta cikin manhaja."

"Manhajar ba ta barina in shiga sai ta ga fuskata."

Ta ba shi wani adireshin imel a guntuwar takarda, ta kira na bayansa.

Babbar 'yarsa, wadda ke ajin ƙarshe na sakandare, ita ta rubuta masa wasiƙar. Amsa ta dawo kafin ta ajiye wayar: an gode da tuntuɓa, a shiga manhaja a tabbatar da fuska. Sau bakwai suka rubuta cikin mako uku, sau bakwai amsar nan ta dawo, ko wasali bai canza ba.

Gida ya fara yin tsit. Matarsa ta daina tambayarsa yadda aka yi, ta koma kallon hannunsa idan ya shigo. Tukunya ta koma hawa wuta sau ɗaya a rana. Ƙaramar 'yarsa ta daina zuwa kusa da shi, wai Baba yana harararta, alhali idon ne ba ya rufuwa. Yakan fita da safe kamar mai zuwa aiki, ya faka a ƙarƙashin wata bishiya, ya yi ta yi wa madubin mota murmushi yana duba ko gefen ya motsa.

Wata maƙwabciya ce ta kwatanta masa ofishin lauyoyin da ke taimaka wa ma'aikata kyauta. Lauyar da ya samu mace ce mai furfura a gaban kai, teburinta cike da fayil har ba a ganin katakon. Ta saurare shi har ƙarshe ba ta katse shi ba.

"Akwai doka," ta ce. "Idan na'ura ce kaɗai ta yanke hukuncin da ya raba mutum da abincinsa, yana da haƙƙin ya ce sai ɗan Adam ya sake dubawa. Kuma dole su nuna maka duk abin da suka tara a kanka. Zan rubuta musu, in kai kwafi hukumar kare bayanai."

"Yaushe za su amsa, ranki ya daɗe?"

"Doka ta ba su kwana talatin. Sukan ci sittin."

"Yara ba su san kwana sittin ba."

"Na sani. Amma ka ji ni da kyau, malam. Kada ka yi wata dabara. Gaskiyarka ce kaɗai abin da muke riƙe da shi."

Ya ce to, kuma har ga Allah da zuciya ɗaya ya faɗa.

Yana da ƙane, malamin firamare, shekara uku ne tsakaninsu. Tun suna yara baƙi ke ɗaukar su tagwaye. Ranar Asabar ƙanen ya zo dubiya da ledar kayan abinci, ya ga yadda yayansa ya rame, ya ga yadda matar gidan ta karɓi ledar tana ɓoye fuska. Suna zaune a cikin mota yana jin labari, sai ƙanen ya ɗauki wayar da wasa.

"Bari in ga wannan shegiyar da ta fi likita sani."

Ya ƙifta ido. Ya yi murmushi. Alama ta fito kore.

Suka dubi juna. Ba wanda ya yi dariya. Kafin ɗayansu ya buɗe baki wayar ta yi ƙara, ga fasinja yana jira a titi na uku.

"Lauya ta ce kada in yi," in ji Sannu-Sannu.

"Yaya, wa ka cuta? Motarka ce, lasisinka ne, kai za ka tuƙa. Fuska kawai na ara maka. Ai wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi."

Wayar ta ci gaba da ƙara. Sannu-Sannu ya latsa.

Kwana goma sha tara suka yi a haka. Kullum da safe yakan biya ta ƙofar makarantar, ƙanen ya fito da alli a hannu, ya leƙa ta taga ya yi wa waya murmushi, ya koma aji. Nama ya dawo miya. Ƙaramar 'yar ta saba da idon, har tana ɗiga masa magani da kanta. Shi kuwa duk sanda wayar ta yi ƙara sai gabansa ya faɗi, domin wani lokaci manhajar kan nemi fuska da rana tsaka. Sau biyu ya sauke fasinja ya sheƙa makaranta, sau ɗaya har sai da aka kira ƙanen daga taron malamai.

A kwana na ashirin lauya ta kira shi. Ya same ta da wani tulin takardu a gabanta, kaurinsa ya kai tubali.

"Sun amsa. Ga rayuwarka ta shekara huɗu. Zauna."

Ya buɗe. Duk inda ya taɓa tsayawa yana ciki, da minti nawa ya yi. Ƙofar asibitin da aka kwantar da mahaifiyarsu kafin ta rasu. Ranar da ya taka birki da ƙarfi saboda akuya. Abin da fasinjoji suka rubuta a kansa, har wanda ya ce direban ba ya hira. A ƙarshe akwai hotunan safiya, ƙanana, a jere kamar kan sarkin wasiƙa, sama da dubu. Lauya ta ɗora yatsa a kan layin ƙarshe.

"Wannan wane ne?"

Bai iya ɗaga kai ba. A bayan mai murmushin ana ganin bangon makaranta da rabin allon sanarwa.

"Ƙanena ne."

Ta cire tabarau ta murza idanu. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Sun sa mutum ya duba, kamar yadda muka nema. Mutumin ya yarda cewa kai ne aka rufe bisa kuskure, ga shi a rubuce. Da yau za a buɗe maka. Sai ya juya shafi ya ga wannan." Ta tura masa wata takarda. "Sun ce zargin da na'ura ta yi a farko yanzu ya tabbata. Sun rufe ka har abada."

"Amma ni na tuƙa! Wallahi ko sau ɗaya bai taɓa sitiyarin ba. Su suka fara rufe ni ba laifi. Su ne suka tura ni!"

"Haka ne, kuma haka zan faɗa a gaban hukuma. Zan ce na'urar da ta ƙi mai gaskiya ta karɓi wanda ba shi ba, ita ya kamata a tuhuma. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, abin zai iya cin shekara, kuma ban san ko za mu yi nasara ba." Ta mayar da tabaraunta. "Akwai kuma wata. Kamfanin da ke duba musu fuska shi ke duba wa sauran kamfanonin motocin. Kada ka wahalar da kanka da rajista a wani wuri. Ka kuma gaya wa ƙanenka, fuskarsa tana cikin jerin waɗanda aka yi wa alamar zamba. Zan nemi a goge, ban san yaushe ba."

Wannan ce ta karya shi. Ya kifa kai a gefen teburin, hawaye na zuba daga idon da ba ya rufuwa fiye da ɗayan. Ta bar shi har ya gama, sannan ta miƙa masa biro. Ya sa hannu a wuri uku a takardar ƙorafin da za ta kai hukuma.

Da ya gaya wa ƙanen, cewa ya yi ba komai, Yaya, ni na kawo shawarar. Amma matar ƙanen ta kira da yamma ta faɗi abin da ke ranta: mijinta na neman ƙarin girma, ana tantance malamai da hoto a wannan shekarar, idan wani abu ya same shi ta san gidan da za ta zo. Sannu-Sannu ya saurara har ta gama, domin ba ta faɗi ƙarya ba.

Ranar Litinin ya cire wayar daga maƙalinta ya jefa a aljihu, ya tuƙa zuwa bakin tashar jirgin ƙasa. Ya faka a nesa da inda masu gadi ke kora, ya fito ya tsaya. Bai taɓa kiran fasinja da baki ba, ga bakin ma ba ya fitar da wasu haruffa daidai.

"Mota, mota! Cikin gari, mota!"

Mutane suka riƙa wucewa kawunansu a kan waya. Wata dattijuwa mai jaka biyu ta tsaya, ta dubi motar, ta ga tsabtarta, ta fara miƙa masa jaka ɗaya. 'Yarta da ke biye da ita ta riƙe mata hannu.

"Mama, wannan ba ya cikin waya. Ba mu san ko wane ne ba. Ga tamu nan zuwa."

Motar da ta zo ta Kwamanda ce. Ya fito ya buɗe but, suka haɗa ido da Sannu-Sannu. Kwamanda ya ɗaga masa hannu a kunyace, ya loda jakunkunan da sauri ya ja.

Sai wajen azahar wani mutum ya zo da tukunyar gas da buhu biyu, wanda motoci uku suka ƙi ɗauka. Sannu-Sannu ya shimfiɗa tsohon kwali a kan kujerar baya, ya kama masa suka ɗora. Mutumin ya faɗi unguwar da za shi, can bayan gari, hanya duk ramuka. Sannu-Sannu ya ce ya san wurin. Ya ɗiga magani a ido, ya jira ganinsa ya washe, ya tada mota.