Hannuwan Auta

Tun da kasuwa ta buɗe wa Yaya, Lahadi ta daina zama ranar sujada a wurinsa, ta koma ranar da firij da talabijin suka fi tafiya. Yanzu zai buɗe shago na biyu, kuma duk duniya mutum ɗaya ya yarda ya damƙa wa makulli: ƙanwarsa Auta, malamar firamare, wadda albashinta ko man motarsa ba ya saya. Ya yi mata tayin rabin riba, har da mota. Sharaɗi ɗaya ne, ba a rufe shagon ranar Lahadi.

"Na gode, Yaya, amma ba zan iya ba," in ji ta. "Wa zai yi wa Baba fassara?"

Baban nan ba danginsu ba ne, ko na nesa. Wani tsohon kurma ne mai gyaran takalma a bakin titi, wanda Auta ke mayar wa da wa'azi da hannu a coci. A kan wannan za ta yi fatali da arziki! Ran Yaya ya ɓaci, shi da ya saba duk abin da ya gagara ya sa masa kuɗi ya wuce.

Ranar Lahadi ya shiga coci a makare, ya raɓa a bencin baya, makullan suna aljihu, wayoyinsa biyu suna ta kaɗawa. Can gefen taga ya hango ta a kan 'yar kujera, ta juya wa Fasto baya, tana fuskantar tsohon. Fasto irin masu dogon zango ne a wa'azi, Auta kuwa ba ta bari kalma ta faɗi ƙasa ba. Hannu na aiki, gira na aiki, gumi na zuba. Da mawaƙa suka tashi, tsohon ya ɗora tafinsa a jikin benci yana jin dukan ganga, idonsa a kanta, bakinsa na motsi. Yaya ya kashe wayoyin bai ma sani ba.

Ana tashi ya tare ta a bakin ƙofa.

"Zan ɗauko masa ƙwararre mai takardar shaida, ni zan riƙa biya. Shi ke nan?"

Ta yi dariya. "An taɓa kawo ƙwararre, Yaya. Baba ya yi ta kallonsa har barci ya kwashe shi. Bai taɓa shiga makarantar kurame ba. Maganar nan mu biyu muka haɗa ta a bakin teburinsa, kaɗan-kaɗan. Gafara a wurinmu ita ce ɗinke takalmin da ya rabu. Wa zai koya wa ƙwararren naka wannan?"

"To ke haka za ki ƙare? Ɗakin haya, tafiya a ƙasa?"

"Ina son motar, kada ka ce ba na so. Ƙafata ta gaji. Amma ranar da na tafi, maganar Allah ta yanke wa Baba ke nan. Ba zan iya tsayawa ina sayar da firij ina sane da haka ba."

Yaya ya sha ciniki da manyan 'yan kasuwa, bai taɓa haɗuwa da wanda ya ƙi tayi fuska a sake haka ba, kuma ya ji tana burge shi duk da haushin.

Tsohon ya ƙaraso yana dogara sanda, ya nuna Yaya da haɓa. Auta ta ɗan sunkuya, ta kai hannuwanta biyu baya. Nan take fuskar tsohon ta washe, ya kama hannun Yaya da tafukansa masu kaushi yana girgizawa, ya ƙi saki.

"Me kika ce masa?"

"Sunanka na faɗa: wanda ya goya ni. Ya san kai ka riƙa kawo ni cocin nan a baya bayan rasuwar Mama. Kullum sai ya sa ka a addu'a, ya tambaye ni yaushe za ka zo."

Yaya ya zare ɗaya hannun daga aljihu, ya bar makullan a can.

"Auta," ya ce a hankali, "nuna mini yadda ake cewa ga ni na zo."