Takun Candelo a Kan Katako

"Sake zagayowa da shi," in ji Don Evaristo daga kan gado.

Leonel, ɗan ƙanwarsa, ya ja linzami, ingarman ya sake bi ta kan dogon katakon da ke ƙarƙashin taga. Taka-taka-taka-taka. Ina zaune da romon kazar da na kawo wa tsohon, ina leƙen dokin, raina bai kwanta ba.

Shekara talatin katangarmu ɗaya, kuma a gabana aka haifi dokinsa Candelo. Ina wurin ranar da alƙalan gasar dawaki a garin Rionegro suka rufe ido suna sauraron takunsa a kan katako. Sau uku ya ciwo kofi a Medellín, daga baya aka yi ta kawo masa goɗiyoyi barbara har daga Cali. Ja ne mai farin goshi. Wannan ma ja ne mai farin goshi. Amma Candelo bai taɓa wuce ni bai miƙo wuya neman mazarƙwaila ba, wannan kuwa ko kallo ban ishe shi ba.

Tun da ciwon suga ya cinye idon tsohon, Leonel ya tare a gidan. Ni dai ban taɓa yarda da mutumin da ke magana yana kallon takalminsa ba. Ga shi watan jiya na ga motar ɗaukar dawaki a ƙofarsu.

Na tare Leonel a bakin barga. "Wa ka sayar wa Candelo?"

"Doña Herminia, ki je ki ji da kajinki."

"Ka samu makaho ko? Yau zan faɗa masa."

"In kin faɗa, ke kika kashe Kawu."

Na koma ɗakin tsohon, raina a ɓace. "Don Evaristo, dokin nan..."

"Rufe taga, Herminia." Na rufe. "Ba Candelo ba ne. Ɗansa ne, na goɗiyar su Ocampo. Ƙafar baya ta hagu tana ɗan makara, gadon uwarsa."

"Ka sani ka yi shiru? Ya sayar maka da..."

"Sayarwa? Mako biyar ke nan na ji ƙarar shebur a bayan barga, tun safe har rana ta take. Ramin binne doki ba ƙaramin aiki ba ne." Ya yi tari. "Har Sonsón yaron nan ya je ya aro wannan, wai kada in sani. Ki bar shi ya ci gaba da yi mini ƙaryarsa, kin ji? Ita kaɗai yake da ita da zai ba ni."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina.

Ranar Alhamis da la'asar Don Evaristo ya cika, dokin yana kan katako. Ni na rufe masa ido. Leonel bai sani ba, yana ta kai da komowa a waje yana ɗaga murya, "Ka ji shi, Kawu? Har yanzu babu kamarsa!" Sai da ya yi zagaye huɗu kafin na iya buɗe tagar.

Bayan an dawo daga maƙabarta na zagaya bayan barga. Tudun ƙasar yana nan, ciyawa ta fara tsirowa a kai. Na ciro guntun mazarƙwailar da ya yi mako biyar a aljihuna, na ajiye a kansa.