Nonon La'asar

Bayan azahar, shekara ta uku da yaƙin Turawa ya rage zuwan alhazai nan Makka. Shatu tana zaune a ɗakin da mijinta Lurwanu ya haɗa da fasassun garewani, ɗanta Ja'afaru yana barci a cinyarta, idonta a kan gizo-gizon nan na kusurwa.

Macen gizo-gizo ce, har yanzu tana rungume da farar jakar ƙwanta a ƙirji. Tun farkon wata ba ta ci komai ba. Ƙuda ya gifta ta gabanta, ko motsi. Ƙafafu sun zama kamar tsinken tsintsiya, jakar kuwa sai ƙara cika... Haka uwa take yi ke nan? Ba a raba ta biyu?

Yau da la'asar Shatu za ta koma gidan attajirin da take shayar masa da jariri, da kwana gaba ɗaya. Sitti, matar gidan, ta ce yaronta yana tashi da yunwa, nonon ba ya isar biyu, sai ta zaɓa. Ba ta ɗaga murya ba. Har dabino ta ba ta. Lurwanu kuwa tun da aikin dako ya mutu a Mina ba ya dubanta in ana maganar. Ya dai ce Goggo Rabi'atu ta goyi yara bakwai da kunu. Bakwai... nawa suka yi tafiya da ƙafarsu? Ba ta tambaya ba.

Ga zanzaro ya shigo ta hujin rufi. Ta san aikinsa. Ta taɓa fasa ɗakin lakarsa tana yarinya a Haɗeja, gizo-gizai suka zubo a jere, ba su mutu ba, ba su kuma da rai sosai. Ba ya kashewa. Harbi ɗaya, ya kai gida, ya liƙe ƙofa, 'ya'yansa su ci da ɗumi, a hankali. Shi ma ai ciyar da nasa yake. Laifin wa?

Takalmi yana kusa da hannunta. Amma nan Harami ne, malam ya ce ko ciyawa ba a tsinka. Zanzaro yana cikin waɗanda aka yarda a kashe? Kunama dai tana ciki, da ɓera... Kafin ta gama tunani ya sauka. Gizo-gizon ba ta gudu ba. Da ta saki jakar da ta tsira ta tsagar garwa. Ba ta saki ba sai da ƙafafun suka saki da kansu.

Yana janta a ƙasa, ta bakin ƙofa. Jakar tana nan a kan tabarma, wani abu yana motsi a ciki.

Goggo Rabi'atu ta leƙo da kwanon kunu.

“Ke 'yar nan, miƙo mini angona. Ya saba da kwanona tun kina gani, ya fi.”

Ja'afaru ya farka yana lalube da baki. Tun safe yake tsotsa babu komai. Daga masallacin Harami ladan ya ɗaga kiran la'asar, lokacin da ɗan Sitti yake sha, sai ta ji nonon ya kawo, da zafi, har ya jiƙa riga. Yanzu? Sai yanzu?

Ja'afaru ya ji ƙanshin, ya juyo da kai.

Ta sa tafin hannu ta danne nonon.