Igiyar Shanyar Mwatima

Kwalekwalen ba irin namu ba ne. Na roba ne, ja, siriri kamar kwasfar wake, mutum ɗaya yake ɗauka. Tangarsa, wato zanen da iska ke turawa, ba ta fi zanen ɗaurawar mace ba. Baturen da na yi wa aiki a masaukin baƙi ne ya bar mini shi da zai koma ƙasarsu. Ni Kombo, da na shekara ashirin ina kamun kifi a kan ngalawa, kwalekwalenmu na itace mai fiffike biyu a gefe da ke hana shi kifewa, sai na ɗauka kayan wasan yara aka ba ni.

Ranar da zan fara fita da shi bayan duwatsun murjani, Mzee Faki, kawun matata, ya zagaya shi sau biyu yana taɓe baki.

"Ɗana, wannan abin ba shi da fiffike. Ngalawa tana yafe kuskure, wannan ba ya yafiya. Kada ka ɗaure igiyar tanga yadda muka saba. Riƙe ta a hannu, in iska ta fusata ka saki."

"Haba Mzee, kifi za a koya wa iyo?"

"Kifin da ya fi iya iyo shi muke soyawa," in ji shi. "Ina rigar ceton da aka haɗa maka da shi?"

Tana ƙarƙashin gado. Wa zai sa wannan abu mai ruwan lemo, abokai su yi shekara suna kiransa Bature?

Ana haka sai ga matata Mwatima ta taho da yankakkiyar jarka ta kwashe ruwa, da igiyar shanyarta gaba ɗaya. Tufafinmu da ke shanye a kai ma a kan yashi ta zube su. Ta durƙusa ta ɗaure bakin igiyar a gindin kwalekwalen, ɗaya bakin a hannun jarkar, ta ja ƙullin da haƙori.

"Maman Riziki, akuya za ki ɗaure ne? Wannan igiya ai ta kai gaba goma!"

"Ka bar ta, Baban Riziki."

"Ko so kike ki riƙa janyo ni daga gida in abinci ya nuna?"

Ba ta yi dariya ba. Na san dalili, duk garin an sani. Shekara shida ke nan da aka tsinci ngalawar ƙaninta Shee cike da ruwa, babu shi babu abin kwashe ruwa. Amma bakina ba shi da linzami, na yi dariyata na tura kwalekwale.

Kai, abin yana gudu! Kafin hantsi bishiyoyin kwakwar garinmu sun koma kamar tsinken tsintsiya. Na ga tsuntsaye suna shawagi a kan garken kifi, ina buƙatar hannu biyu in sa wa ƙugiya abinci. Wallahi ban ma yi shawara ba. Hannuna ne ya naɗe igiyar tanga ya ƙulle, yadda ya saba shekara ashirin.

Iskar kudu da muke kira kusi ba ta yin sallama. Na dai ga fuskar ruwa ta yi baƙi daga kudu, na kai hannu ga ƙullin, ya riga ya ɗame. Babu fiffiken da zai tare. Sama ta koma ƙasa, ruwan gishiri ya cika mini hanci.

Da na taso, kwalekwalen yana kwance a kan haƙarƙarinsa, bai fi taku biyar da ni ba. Na yi iyo. Ya zama taku takwas. Ngalawa in ta kife tsayawa take ta jira mai ita, don itace ne mai nauyi. Wannan kuwa iska ce take kora shi kamar leda, kuma can take kai shi, inda babu komai sai ruwa.

A nan tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Na duba baya, ban ga ƙasa ba. Na duba ƙasa, shuɗi ne har ya zama baƙi, ƙafafuna suna lilo a kansa. Na yi ihu, ban san wa nake kira ba. Igiyar ruwa ta mare ni na haɗiye, ta sake mari na sake haɗiyewa. Na fara salati, numfashi bai ishe ni in kai ƙarshe ba. Sai na tuna da Shee. Ashe haka ya gani. Na hango Mwatima tsaye a bakin teku karo na biyu, da Riziki a goye.

Hannuwana sun fara mutuwa lokacin da wani abu ya ƙwanƙwashe ni a kafaɗa. Na zabura, na ɗauka kifin nan ne mai cin mutane. Ashe jarka ce, tana tsalle a kan ruwa, tana bin kwalekwalen daga nesa. Ta wuce ni. Na yi wani irin yunƙuri da ban san ina da ƙarfinsa ba, yatsuna biyu suka shiga hannunta.

Da igiyar ta gaza haka da kamu ɗaya, da ba ni ke ba ku labarin nan ba.

Na ja jikina a kanta kaɗan-kaɗan, tana yanka mini tafi. Na kwance ƙullin tsiyar nan da haƙori, na taka gefe na miƙar da kwalekwalen, na hau da cikina. Filafili ya tafi, ƙugiyoyi sun tafi, duk abin da ban ɗaure ba ya tafi. Na yi ta kwashe ruwa ina kuka kamar yaro. Igiyar tanga kuwa a hannu na riƙe ta har gida, jini yana bin ta.

La'asar ta yi da na iso. Ruwa ya janye, mata duk sun tashi daga gonar ciyawar teku, saura Mwatima. Ta dubi tafukana, ta dubi jarkar.

Ta durƙusa tana shafa ƙullin da ta yi da safe.

"Shi ma na kawo masa igiya ranar," ta ce, ba ta ɗago ba. "Dariya ya yi, irin taka. Sai na ji kunya na koma da ita gida."

Na tsaya a cikin ruwa iya gwiwa. Ta naɗe igiyar a gwiwar hannunta a hankali, ta ajiye ta cikin kwalekwalen, ba ta kwance ƙullin ba.